Gidan Zane da Sassaƙa na Ƙasar Zimbabwe: Tarihin Nune-nunensa da Masassaƙan da Suka Tashi a Inuwarsa

Gabatarwa

A tsakiyar birnin Harare, jikin babban lambun shan iska na garin, akwai wani ginin hukuma wanda ba a yin kome a cikinsa sai ajiye zane-zane da sassaƙe-sassaƙe da nuna su ga jama'a. Shi ne Gidan Zane da Sassaƙa na Ƙasar Zimbabwe. Irin wannan gida ya sha bamban da gidan kayan tarihi, kamar na Jos ko Gidan Makama na Kano. Gidan tarihi yana tara abin da mutanen da suka bari ne domin a san yadda suka rayu, shi kuwa wannan zaɓen aikin hannu yake yi saboda kyansa da ma'anarsa, har da aikin mutanen da suke raye suna neman abinci da sana'ar. Wanda aka rataya zanensa a bangon gidan, sunansa ya fita ke nan, kuɗin aikinsa kuma ya tashi. Wanda aka ƙi, sai ya ɗauki kayansa ya koma bakin titi ya jira 'yan yawon buɗe ido.

Saboda haka duk mai nazarin tarihin irin wannan gida dole ne ya riƙa tambaya: wa yake zaɓe, wa yake raɗa wa aikin suna, wa kuma yake yi wa duniya bayaninsa? Gidan na Harare ya dace da wannan nazari ƙwarai, domin an gina shi ne don a kawo wa Turawa 'yan kama-wuri-zauna fasahar Turai har ƙofar gida, amma abin da ya fitar da sunansa a duniya aikin baƙaƙen ƙasar ne, waɗanda ba a yi ginin da su a zuci ba.

Asalin gidan

A shekarar 1943 aka samu wasiyyar wani Bature mai suna Sa James McDonald, tsohon abokin aikin Cecil Rhodes, wanda ya bar fam 30,000 domin a kafa gidan zane a Salisbari, watau garin da ake kira Harare yanzu. Maganar ta kwanta wajen shekara goma. Sai a 1953, da aka haɗa Rodeshiya ta Kudu da Rodeshiya ta Arewa da Niyasaland aka yi Tarayya guda, Salisbari ta zama babban birninta, sa'an nan aka tashe ta. Kuɗin tagulla da na taba suna shigowa, manyan gari kuma suka ga bai kamata babban birni ya zauna ba jami'a ba gidan zane ba. Aka naɗa hukumar amintattu, aka ba Sa Stephen Courtauld shugabancinta, wani attajiri ɗan gidan masu masaƙu a Ingila wanda ya ƙaura ya zauna a gabashin ƙasar.

Ya kamata a san irin ƙasar da ake magana a kanta. A farkon shekarun 1960 Turawan Rodeshiya ta Kudu ba su kai dubu 250 ba, baƙaƙe kuwa sun haura miliyan 3. Amma dokar rabon ƙasa ta 1930 ta keɓe wa Turawan wajen rabin ƙasar, har da mafi yawan wurare masu kyan noma da duk tsakiyar birane. Makarantu da asibitoci da otal-otal duk a rabe suke. A irin wannan gari idan aka ce gidan jama'a, to, an san jama'ar da ake nufi.

Mutumin da aka ɗauko ya zama darekta na farko shi ne Frank McEwen. An haife shi a Meziko a 1907, ya tashi a Ingila, ya tafi Faris a 1926 ya yi karatun tarihin fasaha. A can ya saba da su Picasso da Matisse da Brancusi, mutanen da suka juya akalar zane da sassaƙa a Turai bayan da suka ga sassaƙar Afirka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki da Birtish Kansil a Faris, yana kai aikin Ingilishi Faransa, yana kai na Faransawa Ingila. Yana cikin waɗanda suka shirya nunin Picasso da Matisse a Landan a 1945, wanda ya tayar da ƙura a jaridu. Hukumar amintattu ta ɗauke shi ne saboda ya san mutane, ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa a samu aron zane mai tsada.

Bai kuwa ba su kunya ba. Ran 16 ga watan Yuli 1957 mahaifiyar Sarauniyar Ingila ta buɗe gidan, aka sa masa sunan Rhodes. Nunin farko an kira shi "Daga Rembrandt zuwa Picasso", da zane wajen 200 da aka aro daga manyan gidajen zane na Faris da Landan da Amstadam da sauransu. Ba a taɓa kawo irin wannan dukiya tsakiyar Afirka ba. To, amma kayan aro ba ya rufe katara. Da nunin ya ƙare aka kwashe kaya aka mayar wa masu su, sai ga gini babba da bango farare, ga kuma kuɗin saye ɗan kaɗan wanda ba zai sayi ko zane ɗaya na Rembrandt ba. McEwen ya lura cewa gidan da yake nisan dubban mil daga Turai ba zai rayu da aro ba, sai ya samu fasahar da ake yi a ƙasar da yake tsaye a kanta. Ya kuma tsaya a kan cewa ƙofar gidan a buɗe take ga kowa, baƙi da fari, abin da bai yi wa Turawa da yawa daɗi ba.

Makarantar ɗakin aiki

Abin ya faro ne daga ma'aikatan gidan kansu. McEwen ya riƙa ba masu tsaron ɗakunan nuni fenti da buroshi da ƙyallen zane, yana cewa su zana abin da yake cikin ransu. Na gaba a cikinsu shi ne Thomas Mukarobgwa, mutumin Nyanga, wanda ya riƙa ba McEwen labarin al'adu da tatsuniyoyin Shona, shi kuma yana ba shi kayan aiki. Sannu a hankali abokai da 'yan'uwa suka riƙa zuwa, aka samu ƙungiyar da aka sani da Makarantar Ɗakin Aiki. Ba ta da aji, ba ta da manhaja, ba ta ba da takardar shaida. Ra'ayin McEwen shi ne koyarwa irin ta makarantun zane na Turai kashe basira take yi, aikin malami shi ne ya jawo abin da yake kwance a cikin almajiri. Ya ɗauko wannan ne daga Gustave Moreau, malamin Matisse, ya haɗa da ra'ayin Carl Jung cewa akwai wasu siffofi na tun fil'azal da suke kwance a zukatan dukan 'yan Adam.

Da fenti aka fara, dutse daga baya ya shigo. Wani malamin gona a Nyanga mai suna Joram Mariga ya tsinci wani dutse mai laushi wanda wuƙa take iya yankawa, ya fara sassaƙa ƙananan abubuwa da shi. Wata Baturiya maƙwabciyarsa, Pat Pearce, ta kai aikinsa wurin McEwen. Daga nan hankalin gidan ya koma kan dutse, aka kuma ƙarfafa wa masassaƙa gwiwa su bar mai laushin su koma wani mai tauri, baƙi ko kore, wanda ake kira safantin, wanda ƙasar take da shi jibge a wani dogon tudu mai ma'adinai da ya ratsa tsakiyarta. Aikinsa da wuya. Sai an fasa da guduma da ƙarafan sassaƙa, a bi da magagari, a goge da ruwa har ya yi sumul, sa'an nan a gasa dutsen da wuta a shafa masa kaki ya tsotse, a murza shi har ya yi ƙyalli. Taurin dutsen nan yana da amfani biyu: yana ƙara wa aikin daraja, yana kuma hana masu kwaikwayo su yi guda ashirin a yini. McEwen ya ƙi jinin irin sassaƙar da ake yi da gaggawa don baƙi masu wucewa, ita ce ya riƙa kira sassaƙar filin jirgin sama, sunan kuwa ya bi ta har yau.

A nan yana da kyau a kau da wata shubuha. Sassaƙe-sassaƙen nan ba gumakan bauta ba ne, ba a taɓa ajiye su a wurin tsafi ba. Mutanen Shona ba su da al'adar sassaƙa mutum-mutumi don ibada kamar yadda wasu ƙabilun Afirka ta Yamma suke da ita. Abin da aka fi saninsu da shi a sassaƙar itace shi ne matashin kai da sanduna da makamantansu. Aikin dutsen sabon abu ne na ƙarni na 20, wanda aka yi don a kalla, a kuma saya.

Taron 1962

A watan Agusta 1962 gidan ya yi abin da ya fi kome girma a tarihinsa, watau Taron Duniya na Farko a kan Al'adun Afirka. An tara tsofaffin sassaƙe-sassaƙen Afirka daga gidajen tarihi da hannun masu tarawa, har da na Nijeriya, aka jera su kusa da aikin Turawa irin su Picasso, domin mai kallo ya gani da idonsa inda fasahar Turai ta zamani ta sha nono. Aka kuma nuna aikin masu zane na Afirka da suke raye. An kawo makaɗa daga Mozambik da Tirinidad domin a nuna yadda kiɗan Afirka ya ƙetare teku. Cikin mahalarta akwai Alfred Barr, darekta na farko na Gidan Fasahar Zamani na Niyok, da William Fagg na Gidan Tarihin Birtaniya, da Roland Penrose, da Tristan Tzara, da James Porter na Jami'ar Howard ta baƙaƙen Amurka. Daga Afirka akwai masanin tarihi Saburi Biobaku na Nijeriya, da masassaƙi Vincent Kofi na Gana, da mai zane Selby Mvusi na Afirka ta Kudu.

Sai a dubi lokacin da aka yi wannan taro. Makonni kaɗan bayansa, a watan Satumba, gwamnati ta haramta jam'iyyar ZAPU ta Joshua Nkomo. A watan Disamba jam'iyyar Turawa masu ra'ayin riƙau ta ci zaɓe. A ƙarshen 1963 Tarayyar ta wargaje. Watau a daidai lokacin da ake shelar girman al'adun Afirka a cikin gidan, a waje ƙofofi ake ta rufewa. An yi niyyar a riƙa maimaita taron a biranen Afirka dabam-dabam, amma hakan bai yiwu ba. Manyan bukukuwan al'adu da suka biyo baya, na Dakar a 1966 da na Legas da Kaduna a 1977, gwamnatocin Afirka masu 'yanci ne suka shirya su.

Duk da haka taron ya yi wa makarantar rana. Barr ya sayi zanen Mukarobgwa da na Joseph Ndandarika ya kai Niyok, suka shiga taskar gidan da ya fi kowane ƙarfin faɗa a ji a fasahar zamani. A 1963 aka kai aikin makarantar Landan. Mukarobgwa dai, duk da zanensa yana Niyok, bai bar aikinsa na tsaron ɗakunan nuni ba sai da ya yi ritaya a 1997, shekara biyu kafin rasuwarsa.

Takunkumi da abin da ya haifa

Ran 11 ga Nuwamba 1965 Ian Smith ya yi shelar ɓalle Rodeshiya daga Ingila ba da yardarta ba, domin kada mulki ya koma hannun masu rinjaye. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa ƙasar takunkumi a 1966, ta ƙara tsananta shi a 1968. Aron zane daga manyan gidajen Turai ya yi wuya ƙwarai. Gidan da aka gina don shigo da kaya sai ya koma mai fitarwa.

Takunkumin ya kuma haifi wani abu da ba wanda ya zata. Wani Bature manomin taba a arewacin ƙasar, Tom Blomefield, ya rasa kasuwar tabarsa, ga ma'aikata jingim ba abin biyansu. Wani masassaƙi mai suna Crispen Chakanyuka ya nuna masa cewa akwai dutsen safantin a gonarsa. A 1966 aka buɗe wurin sassaƙa da ake kira Tengenenge, leburorin gona suka ajiye fartanya suka ɗauki guduma. Daga nan aka samu Bernard Matemera da Henry Munyaradzi da Sylvester Mubayi da Fanizani Akuda da Lemon Moses. Da farko ta hannun gidan zane ake sayar da aikinsu, amma ba a daɗe ba McEwen da Blomefield suka ɓata. Blomefield yana ganin duk wanda ya ɗauki guduma a bar shi ya yi, ya sayar, ya ci abinci. McEwen yana ganin yawa zai zubar da daraja, sai an tace. A 1969 McEwen da matarsa ta lokacin, Ba'amurkiya Mary McFadden, suka kafa nasu wurin a Vukutu, cikin duwatsun gabashin ƙasar, suka sa Mubayi ya shugabance shi.

A waɗannan shekaru ne aikin ya kai ƙololuwarsa a waje. A 1968 Gidan Fasahar Zamani na Niyok ya shirya nunin makarantar, ya zaga da shi Amurka. A 1970 aka nuna shi a gidan fasahar zamani na birnin Faris. A 1971 aka kai shi gidan Rodin, babban masassaƙin Faransa, aka baje duwatsun a wurin da ake ajiye aikinsa. A 1972 aka kai Landan. Ga ƙasar da duniya ta juya wa baya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Maganar suna

A nunin Faris na 1971 da na Landan na 1972 ne sunan "sassaƙar Shona" ya kafu, a nan kuma ya kamata a dakata, domin a nan ne tambayar da aka yi tun farko take da nauyi. Labarin da McEwen ya ba Turai yana da rassa uku. Na ɗaya, masassaƙan nan 'yan Shona ne. Na biyu, ba wanda ya koya musu kome, daga mafarki da ruhohin kakanni aikin yake fitowa. Na uku, farfaɗowa ce ta wata tsohuwar fasaha da ta yi barci tun zamanin Babbar Zimbabwe, birnin dutsen da ya yi tashe tsakanin ƙarni na 11 da na 15, inda aka samu tsuntsaye takwas da aka sassaƙa da dutse.

Masana da suka bi diddigi daga baya, irin su Jonathan Zilberg da Elizabeth Morton, sun nuna cewa kowane reshe yana da rauni. Da yawa daga mutanen Tengenenge baƙi ne 'yan ci-rani, Chewa da Yao daga Malawi da Zambiya da Mozambik, da Mbunda daga Angola. Lemon Moses daga Malawi ya zo, Akuda a Zambiya aka haife shi, siffofin da wasunsu suke sassaƙawa kuwa daga dodannin rawa na ƙasashensu suka taho da su. Batun rashin malami shi ma bai tsaya ba. Nicholas Mukomberanwa, wanda mutane da yawa suke ɗauka shi ne gwanin gwanaye a cikinsu, ya koyi sassaƙar itace a mishan na Serima a hannun Fada John Groeber kafin ya shiga aikin ɗan sanda. Ndandarika shi ma ɗan Serima ne. Kingsley Sambo ya fito daga mishan na Cyrene kusa da Bulawayo, inda Canon Ned Paterson ya fara koyar da zane tun wajen 1940. McEwen ya san duk wannan, amma ya raina aikin mishan, bai so a ambace shi. Tsakanin tsuntsayen Babbar Zimbabwe da gudumar Mariga kuma akwai shekaru wajen 500 da ba a ga wata igiya da ta haɗa su ba.

To, me ya sa ya ba da labarin haka? Dalili na farko kasuwa ce. Mai saye a Faris ba ya son ya ji cewa ɗan sanda ne, ɗan makarantar mishan, ya yi aikin bayan ya ga hotunan sassaƙar Turai da ta Afirka ta Yamma a gidan zane. Abin da yake so ya ji shi ne wani mutum a daji ya yi mafarki da kakansa. Masassaƙan su ma sun gane abin da ake so, suka riƙa sa wa aikinsu sunayen aljanu da mutum mai rikiɗa ya zama dabba. Ba a cewa ƙarya suke yi, domin da yawansu sun yi imani da abubuwan nan, amma wanda ya sassaƙa direban bas ko lebura a mahaƙar ma'adinai ya san ba za a kai aikinsa Faris ba.

Dalili na biyu siyasa ce, a nan kuwa adalci ya wajaba a yi wa McEwen. Tun 1905 David Randall-MacIver ya tabbatar cewa Afirkawa ne suka gina Babbar Zimbabwe, Gertrude Caton-Thompson ta sake tabbatarwa a 1929. Amma gwamnatin Smith ba ta son a faɗi haka a littattafan jagora, har ta matsa wa masanin tono kayan tarihi Peter Garlake ya bar ƙasar a 1970. A irin wannan hali, Baturen da yake shugabancin gidan hukuma ya fito ya ce jikokin maginan birnin nan suna nan da rai, aikinsu kuma ya isa a ajiye shi kusa da na Rodin, ya taɓa wa gwamnati inda yake mata ciwo. Labarin nasa bai cika gaskiya ba, amma ya fi na gwamnati kusa da ita nesa ba kusa ba. Zama ya yi masa wuya, ya bar aiki da ƙasar a 1973. Ya rasu a Ingila a 1994, tarin aikin masassaƙan da ya mallaka kuma ya bar wa Gidan Tarihin Birtaniya a Landan.

Abin da aka rasa a cikin wannan duka shi ne bakin masu aikin. A daidai shekarun nan, daga 1958, ɗaliban sashen zane na kwalejin Zariya, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun fuskanci tambaya iri ɗaya, watau yadda za a haɗa gadon gida da dabarun baƙi. Bambancin shi ne su da kansu suka kafa ƙungiya, suka rubuta ra'ayinsu, suka yi gardama da malamansu. Irin ilmin da McEwen yake gudu kada ya ɓata almajiransa, shi ne ya ba 'yan Zariya alƙalamin da suka yi wa kansu bayani da shi. A Salisbari kuwa mutum ɗaya ne mai ba da dutse, mai zaɓe, mai sa kuɗi, mai rubuta littafin nuni.

Bayan 'yanci

Ƙasar ta samu 'yanci ran 18 ga Afrilu 1980, gidan ya ɗauki sunan Zimbabwe, tsuntsun dutsen ya hau tuta. Takunkumi ya tashi, kasuwar sassaƙa ta buɗe fiye da da, dillalai suka riƙa cika kwantena suna kaiwa Jamus da Holan da Amurka. Sabuwar gwamnati ta karɓi labarin sassaƙar Shona hannu bibbiyu, tana ba manyan baƙi kyautarta. Abin da McEwen ya ji tsoro kuma ya auku, domin bakin kowace babbar hanya ya cika da kwaikwayon Munyaradzi da Mukomberanwa.

Gidan ya ɗauki wata hanya dabam. A 1981, zamanin darekta Christopher Till, aka buɗe makarantar koyar da zane ta sosai da kuɗin kamfanin taba na BAT, inda matasan unguwannin talakawa suke koyon zane da fenti da ɗab'i da sassaƙa. Mata ma suka samu shiga. Agnes Nyanhongo tana cikin waɗanda suka bi ta nan. Reshen Bulawayo, wanda aka buɗe tun 1970, ya ƙara ƙarfi, aka kuma buɗe na Mutare a 1999. Cikin shekarun 1990 aka ba Farfesa George Kahari, masanin adabin Shona, shugabancin gidan.

Sabon jini kuma ya fara tayar da gardama. Tapfuma Gutsa, wanda ya yi karatun sassaƙa a Landan a farkon shekarun 1980, ya dawo yana haɗa dutse da itace da waya da ƙaho da ƙwai, yana sassaƙa abubuwan da suka shafi yaƙin neman 'yanci da mutuwa, ya ƙi yarda a kira shi mai sassaƙar ƙabila. Yana cikin waɗanda suka kafa taron aiki na Pachipamwe a 1988, inda masu zane da sassaƙa na Zimbabwe da ƙasashen maƙwabta da na ƙetare suke zama wuri ɗaya mako biyu suna aiki, kowa yana ganin hannun ɗan'uwansa, ba malami ba almajiri. A 1990 wani gidan zane na baƙaƙen Amurka a unguwar Harlem ya kai aikin mutum biyar daga Afirka babban nunin duniya na birnin Fenis a Italiya, wanda ake yi duk bayan shekara biyu tun 1895. Uku 'yan Zimbabwe ne, Gutsa da Mukomberanwa da Munyaradzi. Sauran biyun su ne Onobrakpeya na Zariya da El Anatsui, mutumin Gana da yake koyarwa a Nsukka a lokacin. Amma har a lokacin, hannun waje ne ya yi zaɓen.

Daga shekarar 2000 rikicin ƙwace gonaki ya kori 'yan yawon buɗe ido, kuɗin ƙasar ya lalace har aka buga takardar dala tiriliyan 100 a farkon 2009. Masassaƙa da yawa suka bar sana'ar ko suka bar ƙasar. Matasa da ba su da kuɗin fenti suka koma aiki da abin da aka zubar a juji. Hannun hukuma kuma bai ɗaga daga kan gidan ba don mulki ya sake. A watan Maris 2010 Owen Maseko ya buɗe nuni a reshen Bulawayo a kan kisan da sojojin gwamnati suka yi wa dubban mutane a yankin Matabele cikin shekarun 1980. Washegari 'yan sanda suka kama shi, aka rufe nunin, aka lulluɓe tagogin ɗakin da jaridu don kada masu wucewa su hango.

A cikin wannan hali ne gidan, ƙarƙashin darekta Doreen Sibanda da mai tsara nuni Raphael Chikukwa, ya kafa rumfar Zimbabwe ta farko a Fenis a 2011, da taken "Ganin Kanmu". Mutum huɗu aka kai: Gutsa, da mai zane Misheck Masamvu, da mai ɗaukar hoto Calvin Dondo, da Berry Bickle, Baturiya haifaffiyar Bulawayo. Ba a kai ko ɗaya daga irin goggen dutsen da aka san ƙasar da shi ba. A 2013 aka kai Portia Zvavahera da Virginia Chihota da wasu uku, aka kuma ci gaba da komawa a nune-nunen da suka biyo baya, alhali Nijeriya, duk da arzikinta, sai a 2017 ta fara kafa tata rumfar. A watan Satumba na shekarar 2017, da gidan ya cika shekara 60, aka kira Taron Duniya na Biyu a kan Al'adun Afirka a cikin ginin da aka yi na farko, bayan shekara 55. Sibanda da Chikukwa ne suka aika da goron gayyata.